Biyar Saura Kwata a Tudun Wada

Kwana casa'in da huɗu ban taɓa ba.
Na jera su a bayan ƙofa da allin Panteka,
wanda nake ja wa ƙarfe layin yanka.
Yau Talata, na rufe aiki da wuri,
dubu uku a aljihu, na takalmin Ramlatu,
ran Litinin za su koma makaranta.

Hadari ya haɗo daga wajen Rigasa.
Na ruga na fake a rumfar wani kemis,
gefen mai faci da tsohon famfonsa.
Ban zaɓi wurin ba, ruwa ne ya zaɓa.
Na duba waya: biyar saura kwata.

A kwatar gabana kuwa, ruwa na jan shara,
sai ga 'yar kwalba, ruwan ƙasa, tana juyi,
ba murfi, takardarta ta saɓule,
ta zo ta maƙale daidai ƙafata.
Fanko ce. Amma harshena ya gane ta
yadda akuya ke gane ƙofar gidansu.
Yawu ya kawo. Zaƙin nan mai kauri
ya bi maƙoshi, ban sha komai ba.

Nan lokaci ya kwanta ya ƙi tashi.
Ɗigon da ya saki bakin kwano,
sai da na ƙare masa kallo kafin ya kai ƙasa.
Mai keke ya danna oda, ƙarar ta ja
kamar yauƙin kuɓewa, ta ƙi tsinkewa.
Na ce ai an kusa kiran magariba.
Na duba waya: minti biyu suka wuce.

Litinin ta tattara ta koma bayan Kafanchan.
Takalmin ya ƙanƙance, ya zama ƙwayar gero,
ƙofar kemis ta buɗe kamar Gadar Kawo.
Wata murya, kuma tawa ce, ta ce, "Lurwanu,
guda ɗaya tak. Litinin ai baɗi ce,
kafin nan wani zai kawo gyaran ƙyaure."
Hannuna ya riga ni shiga aljihu.

Sista Kuyet ta taɓa ce mana a Barnawa,
tana ƙwanƙwasa biro a kan tebur,
"In ya zo, kada ku ja da shi, ya fi ku baki.
Baƙo ne, ba ya kwana in ba a shimfiɗa masa ba.
A lokacin, agogon kanku maƙaryaci ne,
ku ari na waje."
Ranar dariya na yi mata a zuci.

Na ari na waje.
Mai faci na ba taya iska, na bi shi da ƙirga,
ashirin, arba'in, ya tsaya ya share goshi.
Na koma kan kekunan da ke ratsa ruwa:
goma sha ɗaya, ɗaya da rago a ciki,
ɗaya da mata uku da buhun gawayi.
Gwiwata na rawa. Kuɗin ya jiƙe da gumi.
Yaron kemis ya leƙo, "Oga, me za a ba ka?"
Na buɗe baki, ban san me zai fito ba.
Na ji na ce, "Ƙarfe nawa?"
Ya ce, "Biyar da minti uku."

Ruwa bai ɗauke ba na shiga cikinsa.
A Kasuwar Barci na taya baƙin takalmi,
lamba talatin, na manta ko zai yi mata.
In ya yi yawa, a cusa takarda.

Da dare na tsaya a bayan ƙofa da allin.
Ban ja layi ba, sai an wayi gari ake ja.
Kwalbar tana can, ko ta kai kogi,
ko tana jiran ƙafar wani.
Gobe in hadari ya haɗo, masallaci zan nufa,
ko in jiƙe.